Garmar da Solvej Ta Jingine

A Lyngvad ba a tambayar halin mutum, gonarsa ake dubawa. Ranar Lahadi in an sha kofi an ci kek, magidanta sukan zuba iyalansu a mota su bi hanyoyin gona a hankali, wuya a karkace, suna karanta aikin maƙwabta. Wanda layin huɗarsa ya lanƙwashe, kafin Litinin ta yi an gama da shi a kowane kicin na ƙauyen. Haka na taso na tarar, haka kuma mijina Preben yake yi har gobe, yana tuƙi kamar mai rakiyar gawa, ni ina gefe ina cika ina batsewa.

Gonar da motoci suka fi rage gudu a gabanta ita ce ta Aksel Damgaard, wadda iyakarta ke haɗe da tamu. Aksel gwanin gasar huɗa ne. Kofunan da ya ciwo sun cika saman kabad ɗin falonsa, har matarsa Ragna ta riƙa zuba maɓallai da allurai a cikin ƙananan. In ya ja layi da garma tun daga bakin titi har jerin itatuwan da ke kare iska, sai ka rantse zare aka ɗaura. Ba shi da yawan magana. Mu mutanen yammacin Jylland dama ba ma ɓarnar yabo, amma shi nasa ya yi yawa. Iyakar abin da zai ce in abu ya burge shi matuƙa shi ne, "Ba laifi."

'Yarsa Solvej ƙawata ce tun muna 'yan aji ɗaya. Wanta Torben bai son warin taki, da ya tasa sai ya tafi Esbjerg aikin jirgin ruwa, don haka ita ce ta zauna gefen uban a kan tarakta. Muna 'yan mata muna koyon rawa, ita tana koyon saita bakin garma. In kaka ta yi, daga tagar ɗakina nakan hango su, uba da 'ya, baƙar ƙasa tana juyewa a bayansu, fararen tsuntsayen teku sun taso daga bakin ruwa sun yi musu lema suna rububin tana. Na ce baƙar ƙasa, amma ƙarya nake mata. Jiƙa ce ta sa ta yi duhu. Da ta sha iska kwana biyu sai ta koma abin da take, rairayi fari fat, irin wanda Allah ya raba mana a nan yamma.

Shekarar da ta shiga gasar gunduma, ita kaɗai ce mace. Ta kayar da maza har da Preben, wanda a lokacin bai zama nawa ba, kuma har yau in an tayar da zancen sai ya ce tayarsa ce ta yi sanyi. Alƙalai sun gama aune-aunensu, Aksel ya taka har ƙarshen layinta, ya tsuguna ya rufe ido ɗaya, ya daɗe. Da ya miƙe sai ya ce, "Ba laifi, Solle." Haka yake kiranta tun tana ƙarama. A motar komawa gida ta kama hannuna ta matse har sai da na yi ƙara. Kofin kuwa a ƙasan kujera ta manta shi.

Ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida da ɗanta. Ragna ta rasu. Gwiwoyin Aksel suka gaji, ya miƙa mata gona ya koma ɗan ƙaramin gida kusa da coci. Ta ci gaba da huɗa kamar yadda ya koya mata, motocin Lahadi suna rage gudu, kowa ya gamsu.

Sai wata bazara da ruwa ya ƙi sauka bayan an gama shuka sha'ir. Iskar yamma ta taso ta wuni tana kaɗawa, ta kwana, ta sake wuni. Saman gonaki ya tashi da iri da taki da komai. Hukuma sai da ta fito da motar kwashe ƙanƙara don ta share rairayi daga titi. Da iskar ta lafa na raka Solvej maƙabartar coci, wadda ke gabas da gonarsu. Kabarin Ragna ya nutse, furannin da aka dasa ko kansu ba a gani. Ta durƙusa ta fara yashewa da hannu. Can ta tsaya, ta buɗe tafinta ta nuna min: ƙwayoyin sha'ir ne a cikin rairayin, masu jan maganin da take feshe irinta da shi.

"Jytte, gonarmu ce ta biyo Mama," in ji ta.

"To ai kowa tasa ta tashi. Tamu tana can a lambun fasto."

"Ni na sake ta. Na tuɓe mata riga na bar ta tsirara, me zai hana ta tafiya?"

Na ɗauka zafin rana ne, zai wuce. Ashe ban gama sanin ƙawata ba. Wannan kakar ba ta ɗaura garma ba. Ta ja ta bayan rumbu ta jingine. A kan karan da aka girbe ta watsa irin wake da ciyayi da furanni iri-iri, ta bar su suka rufe ƙasar duk tsawon hunturu. Ta sayo 'yan shanu ta riƙa matsa musu waya kullum daga wannan yanki zuwa wancan, suna ci suna tattakewa suna zuba kashi. Da lokacin shuka ya zo ta kawo wani inji mai tsaga ƙasa siriri ya jefa iri ya rufe, ba tare da ya juya komai ba.

Kai, Lyngvad ta sha kallo. Motocin Lahadi ba rage gudu suka yi ba, tsayawa suka riƙa yi. Preben ya ce, "Allah sarki Aksel, yana raye ana yi wa gonarsa zaman makoki." Na ce masa ya kula da hanya.

Shi Aksel bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ranar Lahadi Solvej ce take ɗaukarsa zagayen gonaki, kuma tun daga wannan kakar, in sun iso daidai gonarsu sai ya juya kansa ya kalli ɗaya tagar, ya yi ta kallon dankalin Preben har su wuce. A gida zai ci abincinta, ya yi wasa da jikansa, ya yi zancen yanayi. Gona kuwa kamar ba a taɓa yin ta ba. Ta sha kawo masa dunƙulen ƙasa a bokiti ta ajiye a bakin ƙofa. In ta dawo sai ta tarar ya zuba wa tukunyar fure, ya wanke bokitin ya kife.

Shekarun farko amfanin bai taka kara ya karya ba, ba zan ɓoye ba. Amma wata bazarar da iska ta sake tashi, gonaki duk suka yi hayaƙi, tata kaɗai ta zauna lafiya lau. A cikin wannan makon Bodil Krogh, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona da 'ya'ya uku, ta shigo kicin ɗin Solvej ta ce, "Nuna min abin da kike yi, amma kar ki yi min wa'azi." Daga Bodil sai matar likitan dabbobi, sai 'yan mata biyu da suka gaji gonar kakansu, sai ni, da na gaji da share rairayi daga kan tagogina. Tun ana cika tebur ɗaya har aka koma ɗakin taron ƙauye, mata suna zuwa daga garin Skjern da gaba da nan. Ba wanda ya zaɓi Solvej shugaba. Ita ce dai mai shebur a bayan mota, ita ake kira in ganye ya yi rawaya, kuma ita ce ke tashi a taron ƙungiyar manoma ta yi magana maza suna kallon silin.

Ita ta kawo mana al'adar binne kamfai. A farkon bazara kowace mace za ta samo kamfai na auduga zalla ta binne a gonarta, bayan wata biyu a haɗu a tono. In ƙasa tana da rai, ƙananan halittun cikinta za su cinye audugar su bar roba kawai. In matacciya ce, zai fito yadda aka sa shi, sai dai datti. Ni na Preben na ɗauka ban tambaye shi ba, na binne ɗaya a ɓangarena, ɗaya a ɓangaren da yake huɗa. Nawa ya fito kamar ragar kifi. Nasa kuwa wanki kawai yake so. Bodil ta ɗaga shi a kan sanda tana cewa, "Jytte, mai da masa kayansa, ko tsutsa ba ta so!" Tun daga nan maza suka sa mana suna Ƙungiyar Kamfai, mu kuma muka karɓa hannu bibbiyu.

Doka ɗaya Solvej ta kafa mana: garma ba ta shiga. Ta ce abin da tsutsotsin ƙasa da saiwoyi suka yi shekaru suna ginawa, garma a wuni ɗaya take rushe shi. Shekarar da dodon koɗi ya cinye wa Bodil alkama tun tana tsiro, Bodil ta rantse sai ta juye gonar ta huta. Solvej ta je ta tsaya a gaban taraktarta cikin ruwan sama. Sun yi musayar maganganun da ba zan maimaita ba. A ƙarshe Bodil ta kashe inji, ta yi asarar wannan shekarar, ta kuma daɗe ba ta manta ba.

Amma akwai abin da sauran matan ba su sani ba, ni na sani don katangarmu ɗaya. Duk kaka, in ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso daga gonakin masu huɗa, Solvej takan rasa sukuni. Wata rana na zagaya bayan rumbunta neman aron igiya, na same ta tsugune gaban garmar nan da gwangwanin man giris, tana shafe bakunan ɗaya bayan ɗaya. Suna ƙyalli kamar jiya aka sauke su daga aiki.

"Au, shugabar Ƙungiyar Kamfai, me nake gani haka?"

"Tsatsa nake hanawa."

"Ki sayar mana da ita, ki huta."

Ba ta ɗago ba. "Kin san abin da nake kewa? Tsuntsayen. Tun da na daina ba su ƙara sauka a gonar nan ba. Ina jin kukansu a gonar Preben, sai in ji kamar ana biki a gidanmu an hana ni shiga." Ta goge hannu a wando. "Hannuna har ƙaiƙayi yake, Jytte. Abu ɗaya na iya a duniya da ya sa Baba ya dube ni, shi ne kuma na gano ɓarna ne."

Na tausaya mata ƙwarai. Mata sun cika ɗakin taro suna tafa mata, jarida ta zo ta ɗauki hotonta da shebur, ita kuwa kalma biyu take jira daga bakin tsoho ɗaya.

Tsufa ya ci gaba da cin Aksel. Ya fara manta murhu a kunne, sai aka kai shi gidan kula da tsofaffi a Skjern. Sunaye suka riƙa zube masa. Wata rana ya gane Solvej, wata rana ya ɗauke ta ma'aikaciya. Abu ɗaya ne bai zube ba. Da ganye ya fara faɗuwa sai ya kama tambayar duk wanda ya shigo, "An yi huɗar gonar bayan gida? Lokaci yana wucewa fa." A kakar ƙarshe likita ya ce zuciyarsa ta gaji, da wuya ya ga bazara. Tambayar kuwa ta zama roƙo. Yana kama hannun Solvej yana cewa a kai shi ya ga an buɗe layin farko, ko daga mota ne.

Ta kira mu kicin ɗinta, mu na farko-farko. Ta zuba kofi, ta yanka baƙin burodi, ta kasa zama.

"Ina so in ja layi ɗaya a gonar bayan gida," ta ce. "Ɗaya tak. Na zo neman izininku."

Gonar bayan gida ita ce wadda ta fi daɗewa ba a taɓa ba, ita muke kai baƙi su gani. Duk muka saci kallon Bodil.

Bodil ta ajiye kofinta. "Ni da na yi kuka a gabanki cikin ruwa, ce min kika yi ƙasa ba ta san uzuri ba."

"Na faɗa."

"Yanzu ta sani ke nan?"

"Ba ta sani ba. Ni ce dai ba zan iya ba, Bodil. Ubana ne."

Bodil ta juya cokali a kofin. "Preben da abokansa za su yi shekara suna dariya."

"Bar min Preben," na ce.

"To ki ja," in ji Bodil. "Amma wallahi in ya karkace, na fita daga ƙungiyar nan. Ba za a kunyata mu sau biyu ba."

Ranar Asabar da hantsi na je Skjern na ɗauko Aksel, an naɗe shi da bargo. Na tsayar da mota a bakin gonar na sauke gilashi. Matan suna tsaye a jikin shinge. Solvej ta kafa sanda mai farin ƙyalle a can ƙarshen gona kamar yadda ake yi a gasa, ta hau tarakta, ta sauke ɗaya daga bakunan garmar. Na ga ta ja numfashi, sannan ta tafi.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma a gonakin nan aka haife ni. Ƙasar da ta juyo baƙa ce wuluk, ba duhun jiƙa ba, baƙi na gaske, tana warwatsewa kamar dambu, saiwoyi sun saƙe ta, tsutsotsin ƙasa suna motsi ko'ina. Ƙamshinta ya shigo har cikin mota. Ba ta kai rabi ba sai ga tsuntsu ɗaya daga yamma, sai biyu, sai sama ta yi fari. Suka sauka a bayanta suna ihu suna faɗa. Daga inda nake ina ganin kafaɗunta suna rawa, amma hannunta bai motsa ba. Layin ya tafi har gindin sandar kamar an ɗaura zare.

Aksel ya ce in buɗe masa ƙofa. Ni da Bodil muka riƙe shi har bakin layin. Tsugunawa ta gagare shi, sai ya sunkuya iya yadda zai iya, ya rufe ido ɗaya. Solvej ta kashe inji ta taho da ƙafa, fuskarta jiƙe. Ta ɗebo ƙasar ta zuba masa a tafi. Ya murza, ya kai hanci, ya sake murzawa.

"Gonar wane ne wannan?" ya tambaya.

"Taka ce, Baba. Ta bayan gida."

Ya girgiza kai. "A'a, yarinya. Tawa rairayi ce, fara. Duk rayuwata ina zuba mata taki iska tana kwashewa. Irin wannan sai can gabas, wurin masu sa'a." Ya dubi layin tun daga ƙafarsa har sandar, ya dubi ƙasar hannunsa. "Ba laifi," ya ce. "Huɗar da ƙasar duka. Ba laifi."

Bodil ta juya baya tana neman hankici. Aksel ya ɗago ya kalli Solvej da fara'a irin ta baƙo mai ladabi.

"Ina da 'ya, sunanta Solle. Tana son ƙasa, yarinyar nan. Don Allah in kin gan ta ki ce ta zo ta ga wannan, za ta ji daɗi."

Solvej ta matso kusa da shi. Sannan ta gyara masa bargon a wuya.

"Zan gaya mata, Baba."

Ya ƙi yarda a karɓe ƙasar. Da ita a dunƙule a hannunsa na mai da shi Skjern, ya yi barci a hanya. Bai kai Kirsimeti ba.

Da na dawo da yamma na tarar matan ba su tafi ba. Sun jeru a bakin layin da manyan cokula masu yatsu na haƙa ƙasa, suna mai da ƙasar mazauninta yanki-yanki, ciyawa ta koma sama, suna dannawa da ƙafa. Har Preben na gani can ƙarshe da shebur, yana aiki yana kallon wani wajen don kar mu haɗa ido. Tsuntsayen sun watse, saura biyu-uku a kan shinge. Na ɗauki cokali na tsaya kusa da Solvej. Mun yi nisa da aikin, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Da ni yake, ko?"

"Da wa zai yi in ba ke ba?"

"Na sani. So nake in ji wani ya faɗa."

Tabon layin yana nan har yanzu. In bazara ta yi ciyawar wurin takan bambanta da sauran, siriri, miƙe tun daga titi har itatuwa, kuma motocin Lahadi suna rage gudu a daidai nan. Solvej tana nan tana jan ƙungiya, shebur a bayan mota, ba ta ƙara ɗaura garma ba. Bara na ce mata gidan ajiye kayan tarihi suna neman tsofaffin kayan noma, ta ba su garmar mana. Ta ce za ta yi tunani. Da kaka ta yi na zagaya bayan rumbu, na tarar da gwangwanin giris a buɗe, bakunan garmar suna ƙyalli.